Ikeja ko Tsibiri: Ina Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sauka Idan Taro Ya Kai Shi Legas?

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgi, daga Abuja kuwa awa ɗaya. Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Victoria Island, inda manyan bankuna da kamfanoni suka tare, bai fi kilomita 30 ba, amma idan mutum ya faɗa cikin gosulo, wannan 'yar tafiyar tana iya cin lokacin da ya haura na jirgin. Saboda haka duk wanda taro ko ciniki ya kira shi Legas, da zarar ya yanki tikiti sai shawarar masauki ta taso: ya sauka a otal na kusa da filin jirgi, ko ya ƙetara gada ya kwana a tsibiri?

Mutane da yawa farashin ɗaki suke dubawa, ko hotunan da otal ya baza a intanet. Ni a ganina abu biyu ne ke yanke wannan shawara, kuma babu ɗayansu da ke jikin otal ɗin: a ina za a yi zaman, kuma da ƙarfe nawa jirgin komawarka zai tashi. Laushin katifa da girman wurin ninƙaya duk a baya suke.

Sai an fahimci yadda motocin Legas ke kwarara kafin maganar ta fito fili. Akasarin ma'aikata a babban yankin gari suke kwana, su Ikeja da Agege da Ketu da Ikorodu, amma ofisoshinsu suna tsibiri, a Marina da Ikoyi da Victoria Island. Gadoji uku ne ke ɗauke da su: Carter, da Eko, da kuma Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Janar Babangida. Da safe kowa tsibiri ya nufa, da yamma kowa gida ya nufa. To, wanda ya kwana a Ikeja alhali taronsa na ƙarfe tara ne a Victoria Island, ya jefa kansa cikin ayarin safe, idan an tashi kuma ya sake shiga ayarin yamma. Sau biyu ke nan a rana yana bin hanya a daidai lokacin da ta fi cushewa. Idan taron na kwana uku ne, lissafa da kanka. Zai isa wurin zama a gajiye, babbar riga ta yamutse, ya koma masauki bayan isha'i ba shi da sauran ƙarfin duba takardun gobe.

Wanda ya kwana a tsibiri kuma jirginsa na sassafe ne, abin bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Idan ya fito kafin asuba hanya a buɗe take, kuma ko gari ya ɗan waye, shi yana fita ne yayin da jama'a ke shigowa, hannunsa ba shi ne mai cunkoso ba. Abin da zai biya shi ne barci, da kuma dogaro da direban da ya yi alkawarin zuwa ƙarfe huɗu da rabi. Masifar tana ga mai jirgin yamma. Wanda aka tashi daga taro ƙarfe huɗu a Victoria Island, jirginsa na ƙarfe bakwai, ranar Juma'a, ga hadari ya haɗo, wannan sai dai addu'a. Ruwan sama kaɗan ya isa ya tsayar da Legas cak, kuma damunarsu ta fi tamu tsawo.

Daga nan za ka ga cewa otal ɗin filin jirgi ba maganin kowace tafiya ba ne. Amfaninsa na ga wanda harkarsa ke kewayen Ikeja, kuma irin waɗannan suna da yawa fiye da yadda ake zato. Ikeja ce fadar gwamnatin jihar Legas, sakatariyar tana Alausa. Masana'antu sun cika titin Oba Akran da Ogba da Oregun, hedikwatar ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ma a Ikeja take. Kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village, wadda 'yan Farm Centre na Kano suka san ta sarai, tana nan a tsakiyar Ikeja. Mai jiran kayan da suka zo ta jirgin sama, rumbunan kamfanonin sauke kaya na NAHCO da SAHCO a harabar filin jirgin suke, nan zai yi ta zirga-zirga tsakanin kwastan da ejan ɗinsa. Mai harkar kayan gwari yana da Mile 12 ba nisa sosai, mai harkar shanu yana da mayankar Oko-Oba a Agege. Duk wanda ke cikin waɗannan ya tafi tsibiri ya kama ɗaki, to ya sayi wahala da kuɗinsa, sai dai in son ganin teku ne ya kai shi.

Otal-otal ɗin yankin ma ba na raini ba ne. Sheraton ta daɗe a kan titin Mobolaji Bank Anthony, Marriott ta buɗe a unguwar GRA ta Ikeja a 2021, akwai Radisson, akwai kuma Legend na rukunin Hilton da aka buɗe a 2018 dab da filin jirgin. Ƙanana da matsakaita kuwa ba sa lissafuwa, daga Allen Avenue har Ajao Estate.

Tsibiri kuma na wanda zai ga banki ne, ko lauyan kamfani, ko kamfanin mai, ko masu zuba jari. Ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yana Victoria Island, kasuwar hannun jari tana tsohon tsibirin Legas, manyan tarukan da ake gayyato ministoci galibi a Eko Hotel ko makamancinsa ake yinsu. Mai zuwa matatar Dangote ko sabuwar tashar ruwa ta Lekki da ta fara aiki a 2023, ko tsibirin ma bai isa da shi ba, sai ya ƙara nausawa gabas, balle a ce Ikeja. Masu kwantena a Apapa da Tin Can, da masu sari a Alaba ko Trade Fair, nasu lissafin daban ne, domin ba Ikeja ba tsibiri, babu wanda ya zauna musu daidai. Su sai su nemi shawarar wanda suke hulɗa da shi a can.

Inda otal ɗin filin jirgi ya yi wa na cikin gari fintinkau shi ne idan kai ne mai kiran taron, kuma mahalartan daga garuruwa daban-daban za su taso. A ce kamfani yana da wakilai a Kano da Fatakwal da Abuja da Akara, ana son a zauna yini guda a duba lissafin wata uku. Idan aka sa zaman a Ikeja, kowa ya hau jirgin safe, kafin goma an hallara, a ci abincin rana a nan, la'asar a tashi, da dama daga cikinsu su kwana a gidajensu. An huta da kuɗin kwanan mutum biyar ko goma, an huta da hayar motocin kai su tsibiri, an kuma huta da wayar nan ta "yallaɓai, wallahi muna kan gada tun ɗazu, ku fara kawai." Idan a tsibiri aka sa zaman, dole kowa ya zo tun jiya ya koma gobe, taron yini ɗaya ya zama tafiyar kwana uku. Haka nan idan baƙo ne daga Indiya ko Turkiyya zai tsaya awa goma kawai a ƙasar don a sa hannu a takarda, kai shi tsibiri kasada ce da jirginsa.

Amma akwai abin da ake rasawa, kuma ba ƙarami ba ne. Rabin ciniki ba a kan teburin taro ake ƙulla shi ba. Bayan an tashi ne wani zai ja hannunka ya ce, "Alhaji, zo mu ɗan ci tsire a Obalende," a nan ne zai faɗa maka abin da bai iya faɗa a gaban manajansa ba: wane ne ke da ta cewa a kamfanin, nawa abokin takararka ya taya, yaushe kuɗi za su fito. Wanda ya sauka a Ikeja, tun ana addu'ar rufe taro hankalinsa na kan agogo, yana so ya riga ayarin yamma hawa gada. Ya tsira daga cunkoso, hirar kuma ta wuce shi. Sannan mutumin da ofishinsa ke Ikoyi, idan kai ne mai nema a wurinsa, ba ka isa ka ce ya taso ya same ka a Ikeja ba. Zai ce to, ranar kuma ya aiko ƙaramin ma'aikaci. Mai nema shi ke zuwa, kuma zuwa da kai ya fi aike. Idan kuwa su ne ke neman kuɗinka ko kayanka, za ka sha mamakin yadda gadar ke gajarce musu.

Akwai kuma maganar kwarjini, wadda wasu ke kunyar ambata. A Legas ana tambayar baƙo inda ya sauka, kuma ana auna shi da amsar. Ba na ganin wannan ya isa dalilin da mutum zai kashe abin da ya fi ƙarfinsa, amma wanda zai nemi kwangilar miliyoyi ya san cewa falon da zai karɓi baƙi a ciki yana magana kafin shi ya buɗe baki. Manyan otal na Ikeja sun wadatar ta wannan fuska. Ƙaramin masauki na bayan layi, mai kujera biyu a gaban kanta da talabijin na ta ihu, bai dace da karɓar baƙon kasuwanci ba, ko a Ikeja yake ko a Lekki.

A kula da sunan otal. Ba duk wanda ya liƙa filin jirgi a sunansa ne ke bakin filin jirgi ba. Wani yana cikin harabar, wani tafiyar minti goma ce, wani kuwa sai ka keta Oshodi ko ka zaga kasuwar Ikeja kafin ka kai, kuma minti goman da suka rubuta a shafinsu na tsakar dare ne. Buɗe taswira a wayarka da misalin ƙarfe bakwai na safe ko biyar na yamma ka ga lokacin da za ta nuna maka, wannan shi ne na gaskiya. Filin jirgin kansa ma ba ƙofa ɗaya ba ce. Ɓangaren jiragen ƙasashen waje daban yake, ta wajen Oshodi da Ajao Estate ake shigarsa. Jiragen cikin gida kuma ta Ikeja, kuma su ma gida biyu ne: MMA2 da aka buɗe a 2007, da tsohuwar tasha da ake kira GAT. Otal ɗin da ke dab da ɓangaren ƙasashen waje yana iya zama da 'yar tafiya ga mai jirgin Kano. Duba tikitinka ka ga daga wace tasha jirginka zai tashi kafin ka biya kuɗin ɗaki.

Motar otal mai ɗauko baƙi ita ma sai an yi tambaya dalla-dalla. Kyauta ce ko da kuɗi? Tana aiki dare da rana, ko direban na tashi ƙarfe goma? Jira take yi a filin jirgi ko sai ka sauka ka kira? Wannan na da muhimmanci musamman ga mu masu tasowa daga arewa a lokacin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirage tashi ko sauka a Kano da Kaduna da Maiduguri, jirgin azahar ya koma na dare. Wanda ya sauka Legas sha ɗaya na dare da jakar takardu da kwamfuta, samun mota mai tambarin otal tana jiransa ya fi masa tsayawa ciniki da direbobin da bai sani ba. A irin wannan daren otal na kusa ya biya kuɗinsa. Haka idan an soke jirgin komawarka bayan ka yini a ɗakin jira, komawa ɗaki a Ikeja abu ne mai sauƙi, komawa Victoria Island kuwa sabuwar tafiya ce.

Ta fuskar kuɗi, a aji ɗaya na otal, tsibiri ya fi tsada a yawancin lokuta, ko da yake manyan na Ikeja ba su da araha su ma. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kallon kuɗin ɗaki shi kaɗai. Ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa a kai, ka tuna cewa Uber da Bolt suna tsawwala farashi daidai lokacin cunkoso da lokacin ruwa, sai ka ga ratar ta tsuke, wani lokaci ma ta juye. Tambayi kuma ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da haraji. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, jihar Legas na karɓar nata kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, wasu otal ɗin kuma na ƙara kashi 10 na hidima. Ɗakin da aka ce maka naira dubu 100 yana iya zama dubu 122 da ɗari biyar a rasit. Ga wanda ofis ya ba kuɗin tafiya ƙididdigagge, wannan bambancin daga aljihunsa zai fita. Idan zauren taro za ka kama, a rubuta maka abin da ke ciki: na'urar haska bayani a bango, makirufo, ruwa da shayi, intanet, da kuma ko janareta na ɗauka nan take idan an ɗauke wuta.

Wani abu da otal ɗin filin jirgi suka fi sabawa da shi shi ne hayar ɗaki ta yini. Ƙa'idar yawancin otal ita ce a shiga ɗaki ƙarfe biyu ko uku na rana, a fita sha biyu. Wanda ya sauka bakwai na safe daga jirgin dare, yana da zama sha ɗaya, abin da yake bukata wanka ne da guga da barcin awa biyu, ba kwana ba. Da yawa daga na kusa da filin jirgi suna bayar da ɗaki na wasu awoyi a farashin da bai kai na kwana ba, amma sai ka tambaya, ba kasafai suke tallata shi ba.

Ƙarar jirage ba ta cika damun manyan otal ba, tagoginsu masu kauri ne. A ƙananan ne za ka ji ta, tare da ta janareta da ta gidan rawa na maƙwabta, wadda ta fi ta jirgin hana barci. Nemi ɗakin da ba ya kallon titi. Abinci da salla kuwa ba matsala ba ne a kowane ɓangare. Daga Ikeja, Agege na nan kusa, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa, tuwo da masa da fura duk ana samu, akwai kuma masallacin Juma'a a Alausa. A tsibiri akwai babban masallacin Legas da kuma Obalende. Cikin otal ɗin dai, a teburin karin kumallo, tambayi ma'aikaci wane nama ne a cikin tsiran Turawan nan kafin ka ɗiba, domin akan jera na alade kusa da na kaza.

Wannan lissafin na Legas ne, kada a ɗauke shi a kai kowane gari. A Abuja filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, amma titin da ya bi ta Lugbe mai faɗi ne, kuma ma'aikatu da majalisa da ofisoshin jakadanci da manyan otal irin Transcorp Hilton duk suna cikin gari kusa da juna. Babu wata Ikeja a bakin filin jirgin Abuja, wato babu tarin ofisoshi da masana'antu da za su riƙe ɗan kasuwa a can. Mai taro a Abuja ya shiga gari kawai, ya ba hanya awa guda da 'yan kai ranar komawa, ya ƙara wani abu a kai saboda akan tare titi idan manya za su wuce. A Kano tambayar ma ba ta tasowa: filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, daga nan zuwa Bompai ko Nasarawa ko Kantin Kwari 'yan mintuna ne.

A ƙasashen waje kuma akwai nau'in da ba mu saba da shi ba, otal da ke can cikin tashar jirgi, bayan an wuce masu duba fasfo. Akwai irinsa a Doha, da Dubai, da sabon filin jirgin Istanbul da ya karɓi jiragen fasinja na tsohon filin Ataturk a 2019. Ga mai yada zango kan hanyarsa ta zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, alherinsa babba ne: ba ya bukatar bizar ƙasar tunda bai shiga cikinta ba, ya yi wanka ya miƙe ƙafa, ya taka zuwa ƙofar jirginsa. Sai dai abu biyu. Manyan jakunkunansa suna hannun kamfanin jirgi, don haka kayan sawa da magani da cajar waya su kasance a jakar hannu. Na biyu, mutumin gari ba zai iya shigowa ya same shi ba, domin sai mai tikitin tafiya ke wuce wannan shingen. Wanda ya shirya ganawa da dillalinsa na Dubai a irin wannan otal ya shirya abin da ba zai yiwu ba; dole ɗayansu ya ƙetare shingen, kuma shi baƙon ne, da biza a hannu. Masu bin jirgin Habasha ta Adis Ababa su tambayi kamfanin tun wurin yankan tikiti, domin yakan ba fasinjan da jiransa ya yi tsawo masauki bisa wasu sharuɗɗa, kuma otal ɗinsa na Skylight, da aka buɗe a 2019, yana dab da filin jirgin Bole. A Guangzhou kuwa, mai zuwa baje kolin Canton na Afrilu ko Oktoba bai kamata ya kwana a filin jirgin Baiyun ba, domin shi yana arewacin birnin, zauren baje kolin na Pazhou kuma yana can ta kudu.

Ga wanda zai yi kwana uku ko huɗu a Legas, tarukansa a tsibiri, jirginsa kuma na safe ne ko na ƙasar waje wanda ake son a iso awa uku kafin tashi, dabarar da na fi yarda da ita ita ce a raba kwanan. Ya sauka a tsibiri muddin ana zama, ya samu hirar dare da mutanensa. A rana ta ƙarshe ya sallami ɗaki da hantsi, ya bar jakarsa a wurin masu karɓar baƙi, ya gama abin da ya rage, sannan ya ƙetaro Ikeja ko dai kafin ƙarfe uku ko kuma bayan tara na dare, lokacin da gada ta sarara. Wahalarsa ɗaure kaya sau biyu ne da rasit biyu da zai kai wa akanta. Idan kuwa taron ƙarshe zai kai la'asar kuma jirgin na yammacin ranar ne, gara a kira kamfanin jirgi tun da wuri a mayar da tikitin zuwa safiyar gobe, a biya kuɗin canji da na kwana ɗaya a Ikeja, domin wanda jirgi ya bari sai ya biya tarar rashin zuwa ko ya yanki sabon tikiti a farashin ranar, kuma kwanan otal ɗin ma bai tsira daga gare shi ba.